Gangar Baba Nomau a Cikin Salula

Ku da kuke zuwa shagona kuna zama bisa bencin nan, kowa da salula a hannu, ku danna nan kalangu ya fito, ku danna can ganga ta amsa, na san abin da ke ranku. Cewa kuke tsohon nan Ila ya cinye ƙuruciyarsa a kan aikin da yatsa guda ke gamawa kafin shayi ya tafasa. Ba ku faɗa a gabana ba, amma fuskarku ta faɗa. To tunda yau ba kuran, wato wutar lantarki, kuma inuwar shagon kuka zo sha ba hirata ba, sai ku biya kuɗin inuwa da kunnuwanku. Zan gaya muku inda sautin da kuke dannawa ya fito, da dalilin da ya sa wani kyauta ne, wani kuwa sai kun saya.

Aikin farko da aka ba ni a wannan sana'a, naɗe zaren kaset ne da bik, biron rubutu. Mahaifina ne ya kai ni Maraɗi wurin wani mai shagon kaset da muke kira Maigida Sani. Ya dube ni sama da ƙasa, ya miƙo mini kaset ɗin da rediyo ta tauna, zarensa ya fito kamar hanjin kaza, ya ce in mayar da shi ciki ba tare da ya murɗe ba. Idan zare ya tsinke, da reza ake yanke bakinsa a karkace, a haɗa da jan farcen mata, a hura har ya bushe. Kan rediyo kuwa da auduga da alkol ake goge shi. Na daɗe ina wannan kafin ya bar ni in taɓa mikoro. Idan ba masu saye, sai ya sa kaset ya ce in rufe ido in gaya masa a ina aka ɗauka, cikin ɗaki ne ko a fili, ƙasa ce ko siminti. Idan na kuskure sai ya ce kunnuwana na ado ne, don riƙe hula aka yi su.

Ranar da ya fara tafiya da ni ɗaukar biki a Gabi, na zaci muna isa za mu kafa kaya. Ina, sai ya ajiye ni gindin bedi da batir a cinya, ya shiga zagaya filin da yatsa a kunne guda. Ya jiƙa ɗan yatsa ya ɗaga don ya san inda iska ke fitowa. Ya sa wa mikoro safa. Ya je ya lallashi wani mai jaki ya mayar da jakinsa bayan gari. Sannan ya zo ga babban aiki, wato matsar da mai kalangu baya, don zabiya ce aka biya mu mu ɗauka, shi kuwa mai kalangun ya riga ya kafa ƙafa a gaban mikoro yana gyara hula. Da ni ne da na ce masa ya ja baya, a yi faɗa. Maigida Sani sai ya rusuna ya ce, "Sarkin kiɗa, hannunka ya fi ƙarfin injina. In ka tsaya nan ƙonewa za ya yi. Ka taimake ni ka tsaya can, daga can ma za ya ji ka." Mutumin ya koma baya yana murmushi, yana gaya wa jama'a cewa injin Bature na tsoronsa. A hanyar komawa maigidana ya ce mini rabin sana'ar nan waya ce da batir, ɗaya rabin kuwa sanin yadda za ka ce wa mutum ya matsa.

Bayan na yi ƴanci na dawo nan Madarounfa na buɗe shago, sai zamanin fiyano ya zo. Nawa ta iyakar Ɗan Issa na shigo da shi, a naɗe cikin bargo bisa cinyata, ina ta roƙon direba ya bi ramuka a hankali. Abin mamaki ne a lokacin. Mutum guda ya zauna ya fitar da kiɗan mutum goma. Mawaƙan biki suka yi ta zuwa, da masu neman talla a rediyo, da masu son a yi wa ubangidansu waƙa. Ni ma a lokacin na yi irin tunaninku, na ce ai an gama da wahala.

Wadda ta sauke ni daga wannan tunani wata mai sayar da garin kunu ce, Hajiya Mariya. Talla take so a rediyo. Na kwana biyu ina gyara mata kiɗa, na zuba duk abin da fiyano ke da shi. Ta zo ta zauna a nan inda kake zaune, kai mai jar riga, ta saurara har ƙarshe ba ta ko gyaɗa kai ba.

Ta ce, "Ila, wanga kiɗa na gidan wa ne?"

Na ce, "Hajiya, na cikin fiyano ne."

Ta ce, "To shi fiyanon ɗan wane gari ne? Ni matan Madarounfa nike so su sayi garin kunu. Wanga kiɗa in mace tana daka ta ji shi, ba ta ɗaga kai. Ka nemo mini gangar da ta sani."

Ta gyara mayafinta ta fita. Gaskiya ta faɗa. Gangunan cikin fiyano na wasu ƙasashe ne, ba wadda ta taɓa ganin gonar gero.

Haka na ɗauki mikoro da ƙaramin injin ɗauka na hau kabu-kabu zuwa wani ƙauye a wajen garin Sarkin Yamma, wurin Baba Nomau, makaɗin gangar noma. Shi ke yi wa manoma kiɗa ranar gayya. Abin da nake so a wurinsa ba waƙa ba ce. Bugu ɗai-ɗai nake so, in zuba su cikin ordinatar, wato kwamfuta, in riƙa jera su yadda nake so. A fili ba ya yiwuwa, ga kaji ga iska. Ɗakin kwanansa kuma amsa-kuwwa yake yi. Da na leƙa ɗakin da yake tara harawa sai na ga abin da nake nema, don damman harawa sun rufe bango, suna shanye sauti fiye da katifa. Muka shiga, muka ja ƙyaure, gumi na zuba.

Na ce, "Baba, ka buga sau guda a tsakiya, ka tsaya."

Ya ce, "In tsaya in yi mi?"

Na ce, "Ka tsaya kawai, har sautin ya mutu."

Ya ajiye gula ya dube ni. Ya ce, "Kai ka taɓa ganin wanda ya shigo gida ya ce 'sala', ya yi shiru, ya ce ya yi sallama?"

Da ƙyar ya yarda. Kuma duk bugun da ya yi, sai hannunsa ya ƙwace ya ƙara na biyu da na uku, sai mu sake. Muka ɗauki na tsakiya, da na baki, da wanda ake danne fata da tafin hannu. Muna cikin yi hadari ya taso, fatar ta saki, sautin ya koma kamar ana dukan buhu. Ya ce yau kam an gama, ganga ba ta aiki da sanyi, sai ta sha rana. Sai da na koma wani mako. Da muka gama, ya ce shi bai yarda a tashi a haka ba, hannunsa na ƙaiƙayi. Ya kaɗa mini take-take iri-iri a jere, na bar injin yana ɗauka. Hajiya Mariya ta ji sabon tallanta ta ce yanzu ne aka yi magana.

Daga nan abin ya zame mini ɗabi'a. Duk inda na ji hannu mai kyau sai na bi shi. Kalangu ya fi kowanne wahala, don ba sauti guda gare shi ba, a hammata ake matse shi yana hawa yana sauka, dole ka ɗauki hawan daban, saukar daban. Na ɗauki gurmi, na ɗauki sarewar wani makiyayi a bakin tabki, na ɗauki kiɗan ƙwarya, na ɗauki luguden mata uku a turmi guda. Wani goro na ba shi, wani sukari, wani kuwa abin da yake so kawai in ba shi kaset ɗin kansa ya sa wa baƙi. Duk na tara su cikin diski guda. Shi ya sa kiɗan shagona bai yi kama da na kowa ba, har daga hayin iyaka mawaƙa ke zuwa.

Mugunyar shekara ita ce wadda aka rufe iyaka, kuran ya ɗauke. Kun san ta, ba ku yi ƙanƙanta ba. Mawaƙan hayi suka daina zuwa. Esansi, wato fetur, ya yi tsadar da in ka tada gurup, injin ba da wuta, don waƙa guda, kuɗin waƙar a tanki yake ƙarewa. Masu biki suka rage hidima. Na sayar da fiyano, na sayar da babbar lasifika, na rufe shago na koma lambun ƙanena ina ban ruwan zogale da albasa. Diskin kawai na hana kaina sayarwa, na naɗe shi cikin leda na sa a ƙasan akwati. Ina can ina jan guga, ku kuma kuna nan kuna cajin salula da pano mai aiki da hasken rana, kuna koyon haɗa kiɗa da yatsa. Da kuran ya dawo na buɗe shago na share, na zauna. Kuran ya dawo, masu zuwa ba su dawo ba. Wanda a da zai zo ya yi mini kwana uku, yanzu ƙanensa ke haɗa masa kiɗa da salula a zaure.

Ana nan sai ga ɗan ƙanwata Sanusi, wanda ya yi karatun ordinatar a Maraɗi, shi da wata abokiyar karatunsa Rakiya. Sun ƙera wannan abin da kuke dannawa, wanda kuke kira aplikasiyon. Komai ya yi, sai dai gangunan da ke ciki irin na tsohon fiyanona ne. Diskina suke so. Kuma sun zo da gardamar da suka kasa rabawa tun daga mota.

Sanusi ya ce, "Kawu, ni ina ganin aplikasiyon ɗin a bar shi kyauta, amma sautin gargajiya duka a ƙulla shi ƙulli-ƙulli a sayar. Haka na ƙasashen waje ke yi. Mu ma muna biyan wurin ajiya a intanet, muna biyan mega ta shiga intanet ɗin, ba mu da mai ba mu."

Rakiya ta ce, "Baba, ni na ce a saki duka kyauta. Yaran nan ba su da kuɗi. Kuma ko mun sa kuɗi, mutum guda za ya saya ya tura wa unguwa duka. Gara mu samu jama'a tukuna."

Suka zuba mini ido. Na ce su ba ni salular in gani. Na danna inda aka rubuta kyauta, gangar Turawa ta fito. Na danna inda Sanusi ya zana ɗan kwado, nan ne wurin kalangu da gangar noma.

Na ce, "Sanusi, wato yaron Gabi ya buɗe abin da ɗan Madarounfa ya ƙera, ya tarar da gangar baƙi a buɗe, ta kakansa a kulle. In ba ya da kuɗi, da wace za ya koyi kiɗa?"

Rakiya ta fara murmushi, sai na juya gare ta.

Na ce, "Ke kuma ɗiyata, kin iya kyauta da kayan mutane. Mai sarewar nan yana nan da rai, ya tsufa, shanun ma ba nasa ba ne. Sukari na ba shi, don a shagona kawai za a ji shi. Yanzu kuna so a ji shi har inda bai taɓa zuwa ba, kuma ko sukarin ba za a ƙara masa ba?"

Murmushin ya ɓace daga fuskarta. Na ji daɗi, don na daɗe ban ga masu ilimin salula sun rasa abin dannawa ba. Sai da muka sha shayi har na uku muna ja. Rakiya ce ta kawo tsakiyar maganar. Ta ce ai abin da kowace waƙa ke buƙata kaɗan ne, ganga da kalangu da tafi da ƙwarya, waɗannan a bar su a buɗe, yaro ya iya gama waƙa cikakkiya bai biya ko dala ba. Abin ƙari kuwa, irin su gurmi da sarewa da lugude da take-take masu tsawo, a ƙulla a sayar da araha. Sanusi ya ƙara da cewa kowane ƙulli a sa masa sunan mai hannun, kuma a ware masa rabonsa. Ni abin da na ƙara guda ne. Na ce diskina ba ya fita daga akwati sai mun bi mutanen nan gida-gida mun tambaye su. Sanusi ya ce ai wannan zai ci wata guda. Na ce ni ya ci mini rabin rayuwa, shi ya ba da wata.

Zuwanmu gidan Baba Nomau shi ne wanda ba na mantawa. Shi Allah ya yi masa rasuwa, babban ɗansa Tanko ne ya gaji gangar. Muka zauna a ƙofar gida, Rakiya ta sa masa abin ji a kunne. Yana jin bugun farko ya ce, "Hannun tsoho ne." Ya yi ta saurare yana kaɗa yatsu a gwiwa. Da aka zo kan take-taken nan da Baba ya kaɗa mini a ƙarshe, akwai wani mai nauyi, wanda Sanusi ya fi so, har ya shirya sa shi a gaban ƙullin don jan masu saye. Tanko ya cire abin daga kunne.

Ya ce, "Wanga ba na gayya ba ne. Taken wani gida ne a nan bayanmu, masu bin al'adar kakanni. Ba a kaɗa shi sai ranar da suke buɗe noman shekara. Mu makaɗansu ne tun kakanni, amana ce a hannunmu. Tsoho daɗin hira ne ya ɗebe shi ya kaɗa maka."

Sanusi ya ce, "To in mun bar shi kyauta fa, ba mu sayar ba?"

Tanko ya ce, "Ba kuɗin ba ne. Ka so ka ji shi a tallan maganin basir?"

Sanusi ya sunkuyar da kai. Na san ya ji zafin rasa wannan take, don ya riga ya gina rabin tallansa a kai. Amma da hannunsa ya goge shi daga salular a gaban Tanko. Sauran kuwa Tanko ya ce a sa, kuma a rubuta sunan tsohonsa daidai, Nomau, ba Nomao irin na takardun lakwal, makarantar boko, ba. Da za mu tashi ya roƙe ni in zuba masa duka a ɗan kati, har da wanda aka cire, ya ce akwai wani juyin hannu da bai gama koya ba tsohon ya tafi.

Yanzu za ku tambaye ni ko an yi arziki. Ba a yi ba. Abin da Rakiya ta faɗa ya faru, ku ɗin nan da ke zaune, na san mutum guda ne cikinku ya sayi ƙullin gurmi, sauran duk a wurinsa kuka kwasa. Kada ku sunkuyar da kai, na ji shi a waƙoƙinku. Waɗanda suka saya da gaske ƴan ci-rani ne, mutanenmu da ke Legas da Agadas da can gaba, waɗanda in sun ji sarewar bakin tabki sai su ga gida. Abin da ke shigowa yana biyan wurin ajiya da mega, kuma lokaci-lokaci Sanusi na hawa moto ya kai wa masu hannu rabonsu. Mai sarewa ya sayi tunkiya. In kun tambaye ni ko ya dace a sayar, zan ce a sayar da ƙari, a bar tushe a buɗe, kuma akwai abin da ba a sayarwa, ba a kuma bayarwa.

Aikin ƙarshe da na yi da mikoro, guɗa ce. Za ku lura guɗa ta makara ba ta shiga salularku da wuri ba. Mai ita wata tsohuwa ce a nan cikin gari, Inna Kulu, wadda na ɗauka shekarun baya a wani suna. Da muka je neman izininta, Rakiya ta danna mata. Ta saurara ta yamutsa fuska.

Ta ce, "Wace ce wagga mai mura?"

Na ce, "Inna, ke ce."

Ta ce, "To ranar ina da mura. Wagga za ku kai Legas da sunana? Ban yarda ba. Ka tahi ka ɗauko ƙarfenka."

Na ce mata ai ta manyanta, kada ta wahalar da maƙogwaronta, tsohuwar guɗar ma ta isa. Ta ce in na ƙara faɗin haka ko tsohuwar ba za ta ba mu ba. Ta sa muka jira har ta warke daga wani tari, ta sha zuma da citta na kwanaki, sannan ta aiko a kira ni. Na kafa mikoro a tsakar gidanta da hantsi, na ja shi nesa, ta ce in matso da shi. Na ce Inna injin ne ba ya iya ɗaukar muryarki kusa. Ta ce wannan wayon ta san shi, amma ta bar ni. Ta gyara ɗaurin zane, ta kama hanci da yatsu biyu, ta saki guɗa. Awakin gidan suka tsinke igiya, allurar injina ta buga ƙarshe ta tsaya can.

Kafin in cire abin ji daga kunne, matan unguwa sun cika zaure, wasu da hannu duk gari, suna tambayar wa ya haihu, wa aka ba wa mata. Inna Kulu ta dube su, ta nuna ni da haɓa, ta ce, "Ila ne ya samu aiki."